DABBOBI A CIKIN HUNTURU: BAYANI A KAN LITTAFIN YARA MAI SUNA THE BIG SNOW



GABATARWA

Abin da zan yi magana a kansa yau wani ɗan littafi ne na yara ƙanana, wanda babban mutum zai iya karance shi kafin shayinsa ya huce. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan jami'a da littafin da hotuna suka cinye rabinsa, balle kuma littafin da ke magana a kan dusar ƙanƙara, abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba sai a hoto? To, dalilina shi ne, littafin farko da aka miƙa wa yaro shi ne ke koya masa yadda ake duban duniya, kuma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A cikin wannan zaure akwai waɗanda za su zama malaman makaranta, akwai kuma waɗanda a ofisoshinsu ake yanke shawarar irin littattafan da za a saya wa makarantu. Saboda haka ya kamata mu ɗauki littafi guda da ya yi suna, mu duba abin da ya sa ya daɗe ana karanta shi.

Sunan littafin The Big Snow, watau Babbar Dusar Ƙanƙara. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙarfinsa ya fito ne daga abu guda: waɗanda suka rubuta shi sun zauna sun dubi dabbobin ƙofar gidansu da idon basira shekara da shekaru, sa'an nan suka faɗi abin da suka gani.

LITTAFIN DA MASU SHI

Miji da mata ne suka rubuta littafin, su ne kuma suka zana hotunansa: Elmer Hader da Berta Hader, mutanen Amurka. An haifi Elmer a jihar Kalifoniya a shekarar 1889, ya koyi zane a San Faransisko da kuma birnin Faris. Ita kuwa Berta a ƙasar Meziko aka haife ta, ta kuma ƙware wajen zana ƙananan hotunan fuskokin mutane. Sun yi aure a 1919, suka zauna a wani ƙauye kusa da garin Nyack, a gefen kogin Hudson, arewa da birnin Niyok. A nan suka gina gidan dutse da hannunsu a jikin wani tudu mai itatuwa, suka sa masa suna Willow Hill. A wannan gida suka yi littattafan yara masu yawa, har Elmer ya rasu a 1973, Berta kuma a 1976.

Kamfanin Macmillan ne ya buga The Big Snow a 1948. A 1949 aka ba shi lambar yabo ta Caldecott, wadda Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka take bayarwa kowace shekara tun daga 1938 ga mai zanen da littafinsa na hotuna ya fi fice a cikin waɗanda aka buga wa yara a ƙasar a shekarar da ta gabata. An sa wa lambar sunan Randolph Caldecott, wani mai zane ɗan Ingila da ya rayu daga 1846 zuwa 1886. Kafin wannan nasara, littattafan Hader biyu sun sami yabo na biyu a wannan gasa, a 1940 da 1944. Ku lura da cewa mai zane ake bai wa lambar. Manufar ita ce a nuna cewa a littafin ƙaramin yaro, hoto ma magana yake yi, kuma yaron da bai iya haɗa baƙi ba yana iya karanta shi.

MENE NE HUNTURU A CAN?

Kafin mu shiga labarin, ya kamata in yi bayanin kalmar hunturu, domin aro na yi mata. Hunturunmu iska ce mai sanyi da ƙura, tana fasa leɓe da dugadugai, amma rana tana fitowa, ruwan rijiya kuma ba ya daskarewa. Na ƙasar su Hader wani abu ne daban.

Sanadinsa shi ne duniya a karkace take kewaya rana, karkatar da ta kai wajen digiri 23 da rabi. Gwargwadon nisan wuri daga tsakiyar duniya, gwargwadon yadda wannan karkata take shafarsa. Kano tana kan digiri 12 arewa, shi ya sa bambancin da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a can bai kai awa ɗaya da rabi ba. Nyack kuwa tana kan digiri 41. A watan Yuni yininsu yakan kai awa 15, amma a ƙarshen Disamba da kaɗan ya wuce awa 9, rana kuma takan tsaya can ƙasa-ƙasa, haskenta ba ƙarfi. Sai itatuwa su zubar da ganye, ciyawa ta daina tsiro, ƙwari su ɓace, ƙasa ta sandare, tafkuna su daskare.

Ga dabba, ma'anar wannan ita ce yunwa. Sanyi yana ƙara mata bukatar abinci, domin da abinci jiki yake yin ɗumi, alhali kuwa a daidai lokacin ne abincin yake ƙarewa. Ta wannan fuska hunturunsu ya fi kusa da tsakiyar raninmu, lokacin da makiyaya ta bushe, tafki ya ƙafe. Wanda ya gane haka ya gane abin da littafin yake magana a kai.

ABIN DA LITTAFIN YA ƘUNSA

Labarin ya fara ne da kaka, sa'ad da dinyoyin daji suka ratsa sararin sama suka nufi kudu. Dabbobin tudun suka ɗaga kai suka gan su, kowace ta san abin da ke tafe. Daga nan marubutan suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Uwar zomo ta gargaɗi ɗanta ya ci da yawa don gashinsa ya yi kauri. Wani ƙaton kuregen ƙasa mai ƙiba, wanda zan riƙa kira kuregen rami, ya shige ramin da zai yi barci. Wani ƙaramin kurege mai zane a baya ya cika ɗakinsa da ƙwaya. Kuregen bisa itace, ja da mai ruwan toka, suna ta binne 'ya'yan itatuwa. Ga ɓeraye, ga barewar dajinsu, ga wata dabba mai wari irin bodari, ga wata mai baƙin zane a ido da suke kira rakun. Cikin tsuntsaye akwai waɗanda suka bi dinyoyi, akwai kuma waɗanda suka tsaya, kamar hankaki, da wani ja mai tukku, da wani shuɗi mai yawan tsiwa, da wata kazar daji mai dogon bindi.

Bayan Kirsimeti sai mujiya ta ga wata ya yi lema, watau da'ira ta kewaye shi, ta san babbar dusa na zuwa. Dusar ta sauka, ta rufe tudu da kwari, ta binne abincin da aka ɓoye. Dabbobi suka shiga yunwa. Can sai ga wani ɗan tsoho ya fito daga gidan dutse da shebur yana share hanya, ga 'yar tsohuwa a bayansa tana watsa ƙwaya da gutsattsarin burodi. Labari ya bazu, dabbobi suka taru. Tsofaffin nan suka ci gaba da ajiye abinci har sanyi ya wuce. Waɗannan tsofaffi kuwa Elmer da Berta ne da kansu, gidan kuma nasu ne.

Dusar ma ta gaske ce. A ranar 26 ga Disamba 1947 dusar ƙanƙara ta sauka a birnin Niyok har ta kai tsayin inci 26 da ɗoriya, watau kusan santimita 67, ba tare da masu hasashen yanayi sun zaci za ta kai haka ba. Motoci suka maƙale a tituna, mutane fiye da 70 suka rasa rayukansu a yankin. Ba a sake auna irinta a birnin ba sai a 2006. Littafin ya fito shekara guda bayan abin, lokacin da yaran da aka karanta wa suna iya tunawa da shi.

HANYOYI UKU NA TSIRA

Littafin bai tsaya ya yi darasin kimiyya ba, amma wanda ya bi shi a tsanake zai ga ya jera hanyoyi uku da masana halittu suka sani dabbobi suna bi idan lokacin rashi ya zo.

Hanya ta farko ita ce ƙaura. Dinyoyi sukan bar arewa su nufi inda ruwa bai daskare ba. Babban abin da ke sanar da tsuntsu lokacin tashi shi ne raguwar tsawon yini, wanda ke sa jikinsa ya fara tara kitse tun kafin abinci ya yanke. Jerin da suke yi a sama mai kama da bakin kibiya yana rage musu wahala, domin na baya yana amfana da iskar da fiffiken na gaba ya tayar, kuma sukan karɓi juna a jagoranci. Ƙaura tana da tsada: wasu kan faɗi a hanya saboda gajiya, ko hadari, ko maharba.

Hanya ta biyu ita ce dogon barci. A nan kuregen rami shi ne gwani. Yakan ci ya yi ƙiba da damina, sa'an nan ya shiga rami ya toshe. Zafin jikinsa yakan sauka daga wajen digiri 37 na ma'aunin santigired zuwa wajen digiri 5, bugun zuciyarsa kuma daga wajen 80 a minti zuwa wajen 5. Da haka kitsen da ya tara yake isarsa watanni. Ƙaramin kurege mai zane bai tara kitse kamar haka ba, shi ya sa yake farkawa bayan 'yan kwanaki ya ci daga rumbunsa ya koma. Bodari da rakun kuwa barcinsu bai yi nisa ba, in sanyi ya ɗan sassauta sukan fito neman abinci. Marubutan sun bambanta waɗannan halaye, ba su mai da dabbobin duka iri ɗaya ba.

Hanya ta uku ita ce zama a jure. Barewar dajinsu takan sake gashi, ta fid da na sanyi wanda kowane silinsa yake da rami a ciki mai riƙe iska, ta kuma rage yawo don tattalin ƙarfi. Kuregen bisa itace yakan binne 'ya'yan itatuwa a wurare barkatai, ya tono su daga baya ta hanyar tunawa da kuma sansana. Waɗanda ya bari a ƙasa su ne sukan tsiro su zama sabon daji. Ɓeraye kuma sukan yi hanyoyi a ƙarƙashin dusa, domin dusa mai kauri bargo ce: a tsakaninta da ƙasa sanyi yakan tsaya kusa da digiri sifiri, ko da na sarari ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba.

INDA SHIRI YA KASA

Da littafin ya tsaya a nan, da darasinsa bai wuce na tatsuniyar nan da aka saba ba, wadda a cikinta mai tanadi yake tsira, malalaci kuma ya sha wuya. Amma a cikin The Big Snow ba dabbar da ta yi lalaci. Kowace ta yi abin da ya kamace ta, duk da haka dusar ta fi ƙarfin tanadinsu. Wannan ita ce maganar da nake ganin ta fi nauyi a littafin. Yana gaya wa yaro cewa tanadi wajibi ne, kuma akwai shekarar da tanadi ba ya isa, sai maƙwabci mai hali ya buɗe ƙofa. Duk wanda iyayensa suka ba shi labarin farin da aka yi a ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970 ya san cewa rumbun manomin kirki ma yana iya ƙarewa. Ma'aikacin gwamnati da ke kula da ajiyar hatsi ko agajin gaggawa aikin tsofaffin nan biyu yake yi, sai dai a babban mataki.

Sai dai kuma wajibi ne mu auna abin da tsofaffin suka yi da ilmin da ake da shi yanzu. Game da ƙananan tsuntsaye, bincike ya goyi bayansu. A shekarun 1980 an yi nazari a jihar Wisconsin a kan wani ɗan tsuntsu mai baƙar hula wanda nauyinsa bai fi giram 12 ba, aka ga waɗanda ake ajiye wa ƙwaya sun fi tsira a lokacin matsanancin sanyi, ko da yake mafi yawan abincinsu a daji suke samowa. Game da barewa kuwa magana ta canza. Barewa tana tuƙa ne kamar akuya, kuma ƙananan halittun da ke cikin tumbinta sukan saba da ɓawo da 'yan rassan da take ci da hunturu. In aka ba ta hatsi da yawa farat ɗaya, tumbin yakan yi tsami har ya kashe ta, kamar yadda kowane mai kiwo ya san abin da ke faruwa ga tunkiyar da ta faɗa wa buhun dawa. Bugu da ƙari, tara su wuri guda yana yaɗa cuta. Saboda haka a yau dokar jihar Niyok ta hana ciyar da barewar daji da gangan. Wannan bai rage darajar littafin ba, sai dai malamin da zai karanta wa yara ya ƙara musu da cewa taimako ma yana bukatar sani.

GASKIYA DA CAMFI

Akwai alamomin yanayi guda biyu a littafin, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko ita ce lemar wata. Wannan tana da tushe. Da'irar tana bayyana ne idan hasken wata ya ratsa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ke cikin wani siririn girgije na can sama, ya karkata da digiri 22. Irin wannan girgije sau da yawa shi ke riga babban hadari isowa da yini ɗaya ko biyu. Mujiyar littafin ba ta yi ƙarya ba, ko da yake alamar ba kullum take cika ba.

Ta biyu ita ce ta ƙarshen labarin, inda kuregen rami ya fito ranar 2 ga Fabrairu, ya ga inuwarsa, ya koma barci, abin da ake fassarawa da cewa sauran mako shida na sanyi. Wannan al'ada ce da Jamusawan da suka zauna a jihar Pennsylvania suka kawo, har yanzu kuma ana bikinta kowace shekara a garin Punxsutawney. Ba ta da wani tushe a kimiyya. Gaskiyar da ke kusa da ita ita ce mazan wannan dabba sukan fito wajen watan Fabrairu su zagaya ramukan mata, sa'an nan su koma su ƙarasa barci. Yaron da aka nuna wa bambancin waɗannan alamomi biyu ya fara koyon rarrabe abin da aka gwada da abin da aka gada.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na ce da farko dusar ƙanƙara baƙuwa ce a gare mu. Amma hanyoyin nan uku suna nan a ƙofar gidanmu. Tsuntsayen da ke gudun hunturun Turai, agwagin ruwa da masu dogayen ƙafafu, sukan ƙetare Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da kuma Tafkin Chadi, su zauna har sanyin ƙasarsu ya wuce. Watau ƙarshen irin tafiyar da littafin ya nuna farkonta, a wurinmu ake ganinsa. Shamuwa takan iso gab da damina, manomi ya gan ta ya gyara fartanya, kamar yadda zomon littafin ya ga dinyoyi ya shiga shiri. Gaiwa kuma, idan tafki ya ƙafe, takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar shaƙar iska, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Wannan dogon barci ne sosai, sai dai fari ne ya jawo shi maimakon sanyi.

To, wane yaro ne a Gashuwa ko Maraɗi aka taɓa miƙa wa littafin hotuna mai kyau a kan gaiwa? Yana da kyau yaranmu su karanta The Big Snow su san yadda wasu ƙasashe suke. Abin da ya fi wannan shi ne mu ɗauki hanyar da masu shi suka bi. Ba su je nesa neman labari ba. Sun san wace dabba ce ke barci, wace ce ke tanadi, wace ce ke tashi, domin sun gan su da idonsu, gani kuwa ya kori ji. Sun kuma girmama yaro, suka ba shi hoton da za a iya gane dabbar da shi in an gan ta a daji, wasu shafuka da launi, wasu da baƙin fensir.

Daga wannan ina ba da shawara uku ga masu zaɓen littattafan makarantu da masu niyyar rubuta su. Na ɗaya, a duba ko abin da littafi ya faɗa game da halitta daidai ne. Na biyu, a duba ko hotunansa suna ƙara wa yaro sani, ko kuwa ado ne kawai. Na uku, a haɗa marubuci da mai zane da masanin dabbobi tun daga farkon aiki, a kuma biya mai zane hakkinsa kamar yadda ake biyan marubuci.

KAMMALAWA

Jama'a, mun ga cewa The Big Snow ya fito ne daga wani tudu guda da wata dusa guda ta shekarar 1947. Mun ga hanyoyi uku da dabbobi ke bi su tsira, da inda tanadi yake kasawa, da kuma wuraren da ilmin yau ya gyara wa littafin zance. Ga ɗalibai, roƙona shi ne idan kun koma gida hutu, ku zaɓi tafki ɗaya ko kuka ɗaya, ku riƙa zuwa kuna rubuta abin da kuka gani daga kaka har bazara. Littafin da yaranmu suke jira daga irin wannan rubutu zai fito.